Hannun Ummi na Hagu

Jiya da yamma ina naɗe kofuna cikin tsofaffin zannuwa don kada su fashe a hanya, sai na ji ki a ɗaki kina ba ƙannenki labarin ranar da kakarku Hajiya ta je filin wasa. Kika ce musu wai da kika yi jifan ƙarshe Hajiya ta miƙe tsaye ta yi tafi har mayafinta ya zame. Ummi, ba ta miƙe ba, ba ta kuma yi tafi ba. Ni ce zaune kusa da ita, gwiwata na taɓa tata. Ke kina can tsakiyar fili rana na dukan idonki, abin da kike so ki gani shi kika gani. Tunda ga shi za mu bar Doha, Hajiya ta rasu, Koci Liza mai koya muku wasa ma ta koma ƙasarsu, ni kaɗai na rage da zan faɗa miki yadda aka yi. Kin san karatuna bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

A shekarar kina 'yar tara, muna zaune a tsohon gidanmu na Al-Sadd, wanda ke saman kantin magani. Abbanku yana aikin na'urorin sanyi a filin jirgi, wani makon ya fita da safe, wani makon da yamma. Ni kuwa komai na garin tsoro yake ba ni: lif, titi, ƙarar da ke tashi in girki ya yi hayaƙi. Ba na barin ki ko ƙofar bene. Da malamarku ta gaya wa Abba cewa ba kya wasa da kowa, a gefe kike tsayawa har a koma aji, sai ya sa sunanki a wani wasan 'yan mata da iyaye suka haɗa a filin wata makaranta can wajen Mu'aither. Sofbol sunansa. Abba ya ce ma'anarsa ƙwallo mai laushi. Da na taɓa ƙwallon na ce masa wanda ya raɗa sunan bai taɓa riƙe shi ba, don goriba ma ta fi shi tausayi. Wata ta jefa, wata ta doka da sanda ta ruga, sauran su cafe da wata ƙatuwar safar fata su jefa wa juna. Iyakar abin da na gane ke nan a farko.

Akwai abin da ya kamata ki sani kafin nan. Bahaguwa aka haife ki. Tun kina rarrafe na gani, duk abin da aka ajiye miki hagu ke fara isa. Ban taɓa dukan ki a kai ba. Cokali nake cirewa in mayar dama, in riƙe hagun a cinyata har ki gama ci, yau da gobe har kika saba. Ni ma haka aka haife ni, sai dai ni Gwaggo da ta raine ni ɗaure min hannun take yi da gefen zane, in ya kuɓuce ya sha ludayi. Na san kallon da ake yi wa yarinyar da ta miƙa wa babba abu da hagu, ban so a yi miki shi ba. Ga shi kuma ke takwarar Hajiya ce, mahaifiyar Abbanku, jikarta ta fari, shi ya sa ma muke ce miki Ummi. Lokacin da za mu taso daga Malumfashi ta so a bar mata ke. Abba ya yi ta roƙo har ta haƙura, amma a zaure, muna sallama, ta ce:

"Ku je da ita. Ranar da na ga ta fara lalacewa zan zo in karɓi abata."

Maganar nan da ita na shiga jirgi, da ita nake kwana nake tashi.

To, aka saya miki safa irin ta kowa, wadda ake sawa a hagu a yi jifa da dama. Na ji daɗi, na ce wasan ma ya san ladabi. Sai dai jifan naki abin tausayi ne. Ki nufi gabas ƙwallon ya yi kudu, ko ya faɗi gabanki kamar an sake shi. Yaran ba su da mugunta, amma yara ne, suna dariya. Ni ina bayan wayar da ta kewaye filin, a kan dakalin siminti, da fulas ɗin shayi da ƙaninki a goye.

A nan na fara kallon Koci Liza, don ni kallo ne aikina. 'Yar Filifin ce, gajeriya, nas a wani ƙaramin asibiti da ke layinmu, an ce ta buga wa jami'arsu wasan har gwiwarta ta samu matsala. Tana ɗan ɗingishi in sanyi ya yi yawa. Ba ta da usur, ba na jin na taɓa jin ta ɗaga murya sai in ƙwallo zai sami wata a ka. In za ta gyara wa yarinya abu, sai ta taka har inda take, ta tsuguna a kan gwiwar nan mai ciwo, ta yi maganar da mu na waje ba ma ji. In yabo ne kuwa, daga nesa take faɗa kowa ya ji. Na lura kuma tana kallon yara a lokacin da ba wasa suke yi ba. Tana kallon ki kina buɗe gorar ruwa, kina korar ƙuda, kina gyara hijabi. Na san abin da take gani, don ni ma shi nake gani, ina fatan kowa bai gani ba.

Wata Asabar kin cire safa kina hutawa, ta kira sunanki ta wurgo miki ƙwallo a hankali ba shiri. Hagu ta cafe, hagu ta mayar, tun kafin ki yi tunani. Ƙwallon ya tafi a miƙe ya faɗa cikin safarta da wata ƙara, tas, har yaran suka waiwayo. Ke kuwa ba ita kika kalla ba. Ni kika kalla, ta cikin waya, da idon wadda ta fasa kwano. Ta bi idonki har ta same ni. Sai ta ci gaba da aikinta. Sai da aka tashi, kuna tattara kaya, ta zagayo bayan waya ta zauna a dakalina. Turancina na kasuwa ne, Larabcinta na asibiti, da su da hannu muka yi maganar.

"Mama Ummi, da wane hannu aka haife ta?"

"A wajenmu ba a yi da hagu," na ce.

"Me da me ba a yi?"

Ban taɓa jin wanda ya yi min wannan tambayar ba. Na fara faɗa mata: ci, sha, ba wa mutum abu, karɓa, gaisuwa, rubutu. Tana gyaɗa kai, ba dariya, ba mamaki. Da na gama ta ce:

"Jifa fa?"

Gwaggo ba ta taɓa maganar jifa ba, don wa ya taɓa tunanin mace za ta yi jifa? Na ce sai na tambayi babanki.

"Tambaye shi," in ji ta. "Ba zan sauya mata komai ba sai kun ce."

Kuma ba ta sauya ba. Na ɗauki makonni ina juya abin, ita tana kallon ki kina fama da dama, ba ta taɓa zagayawa ta bayana ta ce miki ki gwada ba. Da na gaya wa Abba, dariya ya yi, ya ce shi bai ga laifin jifa ba, ci da sha da gaisuwa ya sani.

"Ke dai Hajiya kike tsoro, Sakina."

"Kai ba ka tsoronta?"

Sai ya tashi wai zai duba ko ya kulle mota.

Da muka amince, sai ga wata sabuwa. Mai jifa da hagu a dama take sa safa, kuma Abba ya zaga kantuna bai samu irinta ba. Koci Liza ce ta sa wata abokiyar aikinta da ta je hutu gida ta zo da ita, ja, tana warin sabuwar fata. Ranar farko da kika sa ta na ga abin da babu wanda ya hango. Dama na cikin safa, hagu ce a waje. Wata uwa ta zo da yankakken lemo tana rabawa, kika karɓa da hagu. Aka tashi ana gaisawa, kika miƙa hagu. Na je na gaya wa Koci, ina jin kunyar ƙanƙantar maganar a idonta. Ta saurare ni, ta ce, "Khalas," wato shi ke nan, ta tafi. Asabar ta gaba ta tara ku duka ta kafa doka: duk wadda za ta sha ruwa, ko ta karɓi abu, ko ta gaisa da wani, ta cire safa ta maƙale a hammata, ta yi da dama. Ba ta ce don wa ba. Yaran suka yi ta gunaguni. Wani uba ya tambaye ta ko a wane littafin wasa aka rubuta haka, ta ce masa filinta ne. Ke kanki sai da kika girma kika san taki ce dokar.

Wannan sanyin, Ummi, shi ne mafi daɗin zamana a garin nan. Muna fita da safe hazo bai gama tashi ba, mu tsaya a tagar wani shago mu sayi shayin karak, direban tasi ɗan Kano da Abba ya sani yana tsokanar ki wai ranar da kika fasa masa gilashi zai kai ƙara. Koci ta mayar da ke mai jifa, mai tsayawa a tsakiya ta juya hannu kamar fanka ta saki ƙwallon daga ƙasa. Yaran suka fara kiran sunanki. A gida kika fara waƙa a banɗaki, ke da sai an tambaye ki sau biyu kafin ki amsa. Ni ma na san sauran iyaye, har wata 'yar Sudan ta koya min shiga jirgin ƙasa ni kaɗai.

Sai Abba ya dawo wata rana da fara'a ya ce bizar Hajiya ta fito, daga Umra za ta biyo ta yi mana wata guda.

Na ɗauki safar na tura can saman kabad bayan barguna. Washegari na je asibitin su Koci, na jira ta fito hutun rana, na roƙe ta ta mayar da ke dama da tsohuwar safa har Hajiya ta tafi, ko da Abba zai kawo ta kallo. Ta ja ni gefe inda babu mutane.

"Ba zan ce mata ta ɓoye hannunta ba," ta ce. "In kin ajiye ta a gida, wurinta na nan, ba zan tambaye ta dalili a gaban yara ba. Amma wancan ba zan taya ki ba."

"Za a tafi da ita," na ce. "Ke ba ki san Hajiya ba."

"Ban san ta ba. Ki kawo ta in san ta. Zan zo da kujera."

Na ji haushinta ranar. Na ce a raina ita me za ta rasa? Na koma gida na ce miki an dakatar da wasa na wata guda. Kin san ba haka ba ne.

Hajiya ta cika gidan da murya. Ta ce sanyin na'ura zai kashe ta, ta ce shinkafar garin doguwa ce ba ta da ɗanɗano, ta ce wane irin gari ne maƙwabci bai san an yi baƙo ba. Ta zo da yajin da ta daka da hannunta, ta ba ni nawa kwalba daban kamar yadda ta saba, tana ce min "'yata". Tana kallon ki kina cin tuwo da dama, tana tsokanar ki.

"Takwarar banza, ko gaisuwar kirki ba ki iya ba. Turawa sun cinye miki harshe?"

Da kin saba rama mata. Wannan karon sai ki yi murmushi ki sunkuyar da kai. Asabar ta wuce, wata ta wuce. Waƙar banɗaki ta tsaya. Sai ki je ki tsaya a taga kina kallon motoci. Wata la'asar, Abba na nan, kina ɗaki, Hajiya ta ajiye kofin shayinta ta ce:

"Yarinyar nan ba ta da walwala. Kun kulle ta a akwati kamar kaya. Ba haka na ba ku ita ba. In zan tafi da ita zan tafi, ta je ta ga rana, ta yi wasa da 'yan'uwanta."

Na kalli Abba. Ya kalli kafet.

"Yadda kika ce, Hajiya."

Kin ga abin da na ɓoye don kada a ɗauke ki, ɓoye shi ne zai sa a ɗauke ki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na taka kujera na jawo safar daga bayan barguna, na zo na durƙusa na ajiye ta gaban Hajiya. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

"Hajiya, akwai inda take walwala. Ni na hana ta zuwa saboda ke. Ki zo ki gani, in ya so sai ki yanke."

Ta juya safar da ɗan yatsa kamar mai duba kifi a kasuwa.

Ranar Asabar da muka kai ta filin akwai iska. Koci Liza ta zo da kujerar kamar yadda ta ce, har da ƙaramin bargo. Ta russuna ta gaida Hajiya da hannu biyu, ta ce, "Sannu Hajiya," da Hausar da kika koya mata. Ina zaton za ta sa ki tun farko don ta taimake ni. Ba ta sa ki ba. Dokarta ce wadda ba ta zo atisaye ba a benci take farawa, kuma ba ta karya ta don ni ba. Kina zaune, wata na jifa, ni ina satar kallon Hajiya.

"Zaman ne wasan?" in ji Hajiya. "Ai wannan ko a gida tana yi."

Can wajen tsakiya aka kira ki. Kika sa safa a dama, kika ɗauki ƙwallo da hagu. Carbin Hajiya ya tsaya a hannunta. Jifanki na farko ya tafi sama, na biyu ya daki ƙasa. Koci ta ɗaga hannu aka tsaya, ta taka da ɗingishinta har tsakiyar fili, ta tsuguna gabanki. Igiyar takalminki ta kwance ta sake ɗaurewa, a hankali, sannan ta kwance ɗayar ma. Na san lafiya lau suke, ni na ɗaure su a gida. Tana ɗaurewa tana magana, har na ga kafaɗunki sun sauko kin yi dariya. Daga nan ƙarar nan ta dawo, tas, tas, yaran na kiran sunanki. Duk da haka an ci ku ranar, wannan ma kin manta da shi a labarinki.

Da aka tashi, duk kuka cire safa kuka maƙale a hammata kuka gaisa da yaran da kuka kara da su. Sannan Koci ta nuna muku kujerar Hajiya. Yara farare da baƙaƙe da jajaye suka jero, kowace ta miƙa mata dama. Ke ce ta ƙarshe, da gorar ruwa, kika durƙusa kika miƙa da dama, gumi na bin fuskarki, bakinki ya ƙi rufuwa. Hajiya ta karɓa ta kurɓa. Ta daɗe tana kallon ki.

"Takwarar banza," ta ce.

"Ke ma," kika ce, kika ruga.

A tasi kin yi barci a kafaɗata. Hajiya na kallon gaba ta ce:

"Tun yaushe?"

"Tun shigowar sanyi."

"Kika ɓoye min."

"Na ɓoye." Sai na ƙara da abin da na kwana ina shiryawa: "Amma Hajiya, kin ga da dama take karɓa, da hagu take jefarwa."

"Kada ki yi min wayo, Sakina." Muka yi tafiya mai ɗan nisa. "Gajeriyar nan ce ta hana su karɓar abu da wannan fatar a hannu?"

"Ita ce."

A filin jirgi, ranar tafiyarta, ta ce wa Abba ta bar ki, ba don mu ba, don ta ga akwai mai kallon ki.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ki sani ba. Daga ranar Hajiya ba ta sake ce min "'yata" ba. Sakina nake, har ta koma ga Allah. In na kira ta a waya za ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi yara, ta ce a ba ta ɗanta. Yajin bai daina zuwa ba, kwalba biyu, ɗaya ta Abba ɗaya taki. Ba ta taɓa zagi na ba, ba ta kuma mayar da ni inda nake ba. Ban sani ba ko ɓoyewar ce ta ɓata mata rai, ko tsayuwar da na yi gabanta a gaban ɗanta. Ina ƙaunarta, Allah Ya ji ƙanta, kuma har yau in na buɗe kwalbar yaji abin na taɓa ni. Da za a mayar da ni la'asar ɗin nan, zan sake taka kujerar.

Kin ce in mun koma gida kina so ki tara 'yan matan layinmu ki koya musu, Abba na dariya yana tambayar a wane fili. Ni ban yi dariya ba. Ɗazu na ci karo da jar safar a ƙasan kabad, ta yi miki kaɗan yanzu, fatar ta yi duhu. Babu kowa a falo, sai na zura hannuna na dama, ta shige kamar tawa. Na ɗauki ƙwallon da ke gefenta da hagu na daɗe riƙe da shi. Hannun ya ji daɗin nauyin, amma bai san me zai yi da shi ba. Na ajiye.

Tana cikin kwalin kayanki, na naɗe ta a ɗankwalina. Kada ki ba kowa sai yarinyar da kika ga ta yi jifa mai kyau ta waiwaya tana neman idon uwarta. Ita ma kada ki ce mata komai tukuna. Ki bari a tashi, ki zagaya inda uwar take zaune, ki zauna kusa da ita.